Legas ko Abuja: amsa ga ɗan'uwanmu na Zariya da aka ba zaɓi

Assalamu alaikum. Malam, sau biyu na karanta tambayarka kafin na fara rubutu. Ka ce kamfanin da kake wa aikin akanta zai rufe reshensa na Zariya, an ba ka zaɓi biyu: ofishinsu na Utako a Abuja, ko hedikwatarsu da ke Ikeja a Legas. Albashin Legas ya ɗara na Abuja da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kana da iyali da yara uku, babbar tana aji biyar na firamare, ƙaramin ko yaye bai kai ba. Uwargida tana ɗinki tana sayar da turaren wuta. Hajiya mahaifiyarka tana Zariya, ga hawan jini, kuma ta ce ba inda za ta.

Shekara shida na yi a Agege da iyalina, yanzu ina cikin ta biyar a Kubwa. Abin da zan faɗa maka na gani ne da idona, kuma tun farko gara ka san inda na karkata: da ni ne a matsayinka, Abuja zan ɗauka. Amma Legas tana da hujjojinta masu ƙarfi, ba zan ɓoye maka su ba.

Bari mu fara da albashin, tunda shi ya sa ka rasa barci. Wannan ƙarin na Legas ka rubuta shi a takarda, sannan ka fara cirewa. A garuruwan biyu kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule, ga kason dillali, ga na lauya, ga kuɗin ajiya da ake cewa za a mayar maka ranar tashi. Legas tana da dokar haya tun 2011 da ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma za ka haɗu da masu gidan da za su nemi na shekara biyu ido cikin ido, in ka yi gardama akwai mutum biyar a bayanka. A Abuja kuwa, cikin gari kamar Wuse, Garki, Jabi da Utako ba wurin mai albashi irin namu ba ne. Yawancinmu a gefe muke: Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Karu, wasu har Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Bambancin da na gani shi ne, kuɗin da zai ba ka ciki biyu da falo a Kubwa, da ɗan fili da yara za su yi wasa, a kewayen Ikeja ƙuntataccen gida zai ba ka a bene, famfo ɗaya ku da maƙwabta. Kafin ka gama cire haya da mota da cefane, ƙarin nan ya zama ɗan abin da bai kai a yi hijira dominsa ba.

Sai hanya tsakanin gida da ofis. A nan sa'arka ta yi kyau ta ɓangaren Legas, domin Ikeja aka ce maka, ba tsibiri ba. Wanda ke zaune a Agege yana aiki a Victoria Island ko Lekki, shi ne ke fita kafin asuba ya bi gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Kai kuwa Agege da Ikeja maƙwabta ne. Ga kuma jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja. Lokacin da nake can babu shi, danfo, wato ƙananan bas na haya, muke bi, ranar da aka yi ruwa tafiyar minti ashirin takan ci awa biyu. Acaɓa kuma an hana shi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun Yunin 2022.

A Abuja titin Kubwa faffaɗa ne, in ka fita ƙarfe shida da rabi za ka isa Utako cikin rabin awa ko ƙasa da haka. In ka makara zuwa bakwai da rabi, sai ka yi haƙuri. Abin da zan roƙe ka shi ne kada arhar haya ta ja ka Mararaba ko Masaka. Gosulon Nyanya ba ya da bambanci da na Legas, na san mutanen da ya tsufar da su. Matsalar Abuja ita ce ƙarancin motocin haya na gwamnati. Legas tana da manyan bas masu layinsu na daban tun 2008, Abuja kuwa ƙananan motocin da ake cusa mutum shida ne abin dogaro, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na albashi a duka garuruwan.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wurina, kuma shi ne dalilin da ya sa na bar Agege.

Daga Abuja zuwa Zariya kimanin kilomita 260 ne. Ka yi sallar asuba a Kubwa, ka hau mota a Zuba, ka yi azahar a gaban Hajiya. Ko ka shiga jirgin ƙasa a tashar Kubwa ka sauka Rigasa, daga Kaduna zuwa Zariya kuma tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Daga Legas kuwa wajen kilomita 900 ne, kwana ake yi a hanya, ta Ilori da Jebba da Mokwa ko ta Lakwaja. Jirgin sama awa ɗaya da wani abu ne zuwa Kaduna ko Kano, amma ka lissafa kuɗin tikitin mutum biyar, ka ga sau nawa za ka iya a shekara.

Ina Legas mahaifina ya rasu. Ƙarfe tara na safe ƙanena ya kira ni, na bar ofis na nufi filin jirgi, babu kujera sai ta yamma. Ina zaune a ɗakin jira aka kira ni aka ce an sallace shi bayan azahar, an kai shi. Washegari na tsaya a kan kabarinsa. Ba wanda ya yi laifi, haka addininmu ya koyar, ba a ajiye gawa. Amma har yau in na tuna wannan zaman na filin jirgi sai ƙirjina ya yi nauyi. Allah ya ja da ran Hajiya, ya ƙara mata lafiya. Ba mutuwa kaɗai nake nufi ba. Mai hawan jini tana bukatar wanda zai zo ƙarshen wata ya duba magungunanta, ya raka ta asibiti a Shika, ya zauna ta yi masa hira. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta maye gurbinsa. Daga Abuja za ka iya wannan duk bayan mako biyu. Daga Legas sai Sallah da Sallah, ita ma in hali ya yi.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna ba ta rasa nata tsoron ba, kada in yi maka rufa-rufa. Duk mun san shekarun da masu garkuwa suka addabe ta, mun kuma san harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya sa aka dakatar da shi har Disamba. Aikin gyaran titin ma ya daɗe yana jan ƙafa ta ɓangaren Abuja. Ƙa'idata ita ce ba na bin ta da dare, ko me ya faru.

Tunda mun taɓo tsaro: a cikin Abuja abin da za ka gargaɗi uwargida a kai shi ne 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a motar da ba ta tasha ba su yi masa fashi. A tasha ake shiga mota. Unguwannin da suka jingina da duwatsu da daji ta wajen Bwari sun sha fama da garkuwa da mutane a farkon 2024, don haka kada ka kama gida a bakin daji komai kyansa. A Legas damuwar Bahaushe ta wani fanni ce. Yau da gobe zaman lafiya ake yi, ana ciniki, ana auratayya. Amma an yi rikicin ƙabilanci a Ketu a 1999, a Idi-Araba a 2002, a Mile 12 a 2016, kuma duk lokacin zaɓe ko wata hatsaniya sai ka ji 'yan gida suna kira suna cewa ku turo mata da yara. Wannan zaman ɗar-ɗar ɗin yana gajiyar da mutum.

Kada ka ɗauka a Legas za ku zama baƙi marasa kowa. Zangon Agege tsohon mazaunin Hausawa ne tun zamanin fataucin goro, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai da Islamiyyu da makarantun allo, akwai iyalan da kakanninsu ma a can aka haife su. Ga Idi-Araba, ga Obalende, ga Alaba Rago, ga mahautar Oko-Oba. Maƙwabtana Yarbawa Musulmi sun riƙe ni da amana, matar mai gidanmu ita ta kwana da iyalina a asibiti ranar haihuwar ɗanmu na biyu. Ta fuskar makaranta, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yunin 2022 cewa ɗalibai mata na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, kuma dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci. Ni wannan riba na ɗauke shi, yarana biyu suna jin Yarbanci har yau. Abin da na lura da shi kawai, Hausarsu ta fara yin rauni, Turancin buroka ya fi zama a bakinsu. A Abuja Hausa ce harshen kasuwa da tasha, makarantun da suka haɗa boko da haddar Alƙur'ani kuma suna da yawa a Kubwa da Gwarimpa da Dutse, sai dai masu kyan cikinsu kuɗinsu ba wasa ba.

Sana'ar uwargida za ta tafi a duka biyun. Turaren wuta yana da kasuwa a Legas fiye da yadda za ka zata, domin danshin garin yana sa ɗaki da tufafi su yi warin raɓa, kuma masu yin na ƙwarai ba su da yawa. A Abuja masu saye sun fi yawa, sun fi sanin darajarsa, amma masu sayarwa ma sun cika gari, 'yan Maiduguri sun riƙe kasuwar. Sauƙin Abuja shi ne kayan haɗi da atamfa daga Kano kwana ɗaya sun iso.

Cefane ma haka. Tumatir da albasa da tattasan da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga wajenmu suke tafiya, kai za ka biya kuɗin motarsu. A Abuja in ka guji kasuwannin cikin gari ka nufi Deidei ko Zuba ko Madalla za ka samu sauƙi, kuma duk zuwan da za ka yi gida sai ka ɗoro buhun masara da wake daga kasuwar Giwa. Wuta da ruwa kuwa unguwa ce ke yanke hukunci, ba gari ba. Ka tambayi maƙwabta awa nawa ake samu, ka tabbatar akwai mitar kati, ka duba ko rijiyar burtsatse ce ko 'yan ga-ruwa. A Legas ka ƙara da duba bangon gidan, in akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka wuce.

To, ina Legas ta fi? A gaban aikinka. Hedikwata hedikwata ce. Wanda manya ke gani kullum shi ake tunawa ranar ƙarin girma. Manyan bankuna, kamfanonin sadarwa, kasuwar hannun jari, tashar jiragen ruwa ta Apapa, masana'antun Ikeja, duk suna can. Ko a 2024 Babban Bankin Najeriya ya mayar da wasu sassansa Legas. Akanta da ya yi shekara huɗu a Ikeja, in wannan kamfanin ya sallame shi, akwai ƙofa goma da zai ƙwanƙwasa. Abuja garin gwamnati ne tun da aka dawo da fadar mulki a Disambar 1991, harkar kwangila da ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji ce ta fi tafiya. Kamfanin da ya rufe reshen Zariya yau, ba abin da zai hana shi taƙaita na Utako gobe. Wannan ka sa shi a ma'auni da gaske. Da kai saurayi ne, ko da Hajiya tana da wani ɗa namiji a kusa da ke tsaye a kanta, da na ce ka tafi Legas ka yi shekara biyar ka dawo da ƙwarewa. Ba ka faɗa mana ko kana da 'yan'uwa a Zariya ba, kuma amsar wannan za ta iya juya duk abin da na rubuta.

Kafin ka sa hannu, ka nemi su ba ka amsar abu uku a rubuce: ko akwai alawus na gida da na ɗaukar kaya, ko inshorar lafiya ta haɗa da iyali, da kuma ko wanda ya zaɓi Abuja zai iya neman komawa hedikwata nan gaba. In na ukun ya samu, ka ci riba biyu.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka kwashi iyali rana ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je kai kaɗai ka yi wata biyu ko uku, ka san unguwa, ka ga damina a gidan da kake so, ka nemo makaranta, sannan ka ɗauko su a dogon hutu tsakanin Yuli da Satumba, don babbar ta fara aji shida a sabon wuri ba tare da an katse mata zango ba. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare, domin ita za ta wuni a gidan. Ka yi istihara, ka je ka durƙusa gaban Hajiya ka ji ta bakinta.

In ka shirya leƙo Abuja, ka yi mini magana ta akwatin sirri. Ka shigo jirgin Lahadi ka sauka a Kubwa, in zaga da kai ka ga gidaje, ka kwana a wurina, Litinin ƙarfe shida da rabi mu kama hanyar Utako ka auna ta da agogonka.