Kafin ka biya kuɗin injin espresso

Espresso gahawa ce da ake tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garinta mai laushi. Ma'aunin da yawancin masu sana'ar ke bi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, zafin ruwa tsakanin digiri 90 da 96, matsi kuwa bar 9 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi). Duk injin da za ka saya, da wannan za ka auna shi.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In an rubuta bar 15 ko 20, iyakar ƙarfin famfon ake nufi, ba abin da gahawa ke buƙata ba. Matsi in ya yi yawa, ruwan kan fasa wa kansa hanya ta gefe guda a cikin garin, ya bar sauran, sai ka ji tsami da ɗaci a kurɓi ɗaya. Inji mai kyau yana da bawul da ke rage matsin ya dawo kusa da 9.

Babban bambancin injuna yana wajen dumama ruwa. Ƙananan na gida, irin De'Longhi Dedica, suna dumama ruwan yayin da yake ratsa wani siririn bututu. Cikin ƙasa da minti ɗaya sun shirya, ga sauƙin kuɗi, amma zafinsu kan hau ya sauka. Masu tukunya ɗaya, kamar Gaggia Classic da Rancilio Silvia, sun fi ƙarko, kuma ana samun kayan gyaransu. Cikas ɗinsu shi ne tukunyar ɗaya ce ke yin gahawa, ita ce kuma ke yin tururin madara, don haka sai ka jira ta ƙara zafi kafin ka tayar da kumfa, ka kuma sauke zafin kafin kofi na gaba. Ga mai shan kofi biyu da safe wannan ba komai ba ne. Mai shago kuwa da jama'a ke jira, dole ya nemi injin da ke yin gahawa da tururi a lokaci ɗaya, irin mai tukunya biyu.

Na kwanso, irin Nespresso, wato wanda ake saka masa ɗan kwanso mai garin gahawa a ciki, danna maɓalli kawai ake yi, sai dai kullum kana sayen kwanson. Butar Bialetti da ake ɗorawa a wuta tana fitar da gahawa mai ƙarfi, amma matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, ba espresso ba ce.

Inda masu saye suka fi yin asara shi ne injin niƙa. Su zuba duk kuɗinsu a kan injin dafawa, sannan su niƙa ƙwayar da ɗan inji mai wuƙa, garin ya fito wani tsaki-tsaki, wani kamar ƙura. Nemi mai haƙoran ƙarfe biyu da ake matsawa kaɗan-kaɗan. In gahawa ta zubo cikin daƙiƙa 15, tsararo mai tsami, garin ya yi kaushi. In tana ɗiga har ta wuce daƙiƙa 40 da ɗaci, ya yi laushi da yawa. Sikeli mai auna giram 0.1 zai raba ka da kame-kame. Duba faɗin kwandon da ake zuba garin a injin dafawa ma: milimita 58 shi ne na shaguna, kayansa sun fi samuwa, na Dedica kuwa 51 ne.

Sai batun wuta. Yawancin injunan gida suna cin wat 1,200 zuwa 1,500, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Wutarmu volt 230 ce, injin da aka ƙera don Amurka na volt 120 ne, ka jona shi kai tsaye ya ƙone, don haka karanta tambarin da ke ƙasansa, musamman in na hannu ne. Inda wuta ba ta tsayawa, injin da ake dannawa da hannu, irin Flair, yana kai bar 9 ba tare da lantarki ba. Ruwan kawai za ka tafasa.

Ruwa ma a kula da shi. In ruwan burtsatsen unguwarku yana barin farin ɓawo a gindin butar shayi, haka zai yi a cikin bututun inji har ya toshe shi. Yi amfani da ruwan da ba ya barin ɓawon, kana wanke cikin injin da maganin da kamfanin ya ambata duk bayan wata biyu ko uku.