Shagon juye tsofaffin kaset don daren karrama ɗan wasa: inda ya iya da inda ya gaza

Kwamitin karrama tsohon ɗan wasa yakan ƙarar da kuɗinsa a kan zauren taro, abinci da kambun da za a miƙa, sai ana saura mako guda a tuna ba a haɗa bidiyon da za a haska ba. Alhali da shi ne 'yan baya za su ga dalilin da ya sa ake girmama dattijon. Akwai wani shago a Tudun Wada, Kaduna, da ke wannan aiki na juye kaset zuwa kwamfuta da tace shi. Wajen juyewa sun ƙware. Wajen tacewa kuwa sai an tsaya a kansu.

An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, kuma a nan ne irin su marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, suka yi suna. A wancan zamani kaset na da tsada, gidajen talabijin kan goge wani shiri su ɗora wani a kai. Shi ya sa sau da yawa kaset ɗin VHS da wani ya naɗa a falonsa shi ne kaɗai ya rage, kuma in na'ura ta tauna shi, shi ke nan.

A nan shagon ya cancanci yabo. Ba sa jefa kaset cikin na'ura kai tsaye. Sai sun ɓalle ɗan harshen roban da ke gefensa don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure, sannan su leƙa ta tagar kaset ɗin. In suka ga farin gari a gefen zaren, fumfuna ce ta damina, sai su kwance shi su goge a wata tsohuwar na'ura da suka ware don haka, domin fumfuna na toshe kan na'ura ta kuma harbi duk kaset ɗin da ya biyo baya. Zaren da ya tsinke da salatif na musamman suke haɗa shi; na kanti gam ɗinsa kan narke ya manne zaren. Suna da na'urar daidaita rawar hoto, wadda masu sana'ar ke kira TBC, ita ce ke hana saman hoton lanƙwashewa. Kuma kayansu a kan inbata suke, abin da ba ƙarami ba ne, don ɗauke wuta zare na naɗe a ciki yakan kashe kaset.

Kaset ɗin rediyo ma suna yi masa adalci. Sukan juya ɗan kusar da ke gefen kan na'ura har sai murya ta fito tangaran, in ba haka ba za a ji ta a toshe. Ɗan audugan da ke danna zare in ya faɗi, suna maye shi da wani. A nemi su ba da sautin a WAV, wato tsarin sauti da ba a matse ba, minti guda bai wuce kimanin megabait 10 ba.

Sai dai a san cewa aikin ba ya gaggawa. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, kuma awa ukun nan zai cinye cur kafin ya juyu. Kaset 20 awa 60 ke nan a kan na'ura ɗaya, ban da gyara. A kai musu kaya da saura mako shida.

Matsalar tana teburin tacewa. Tsohon hoton talabijin 4:3 ne, kusan murabba'i. Yaran shagon sun saba ja shi ya cika faffaɗan allo na 16:9, sai dattijo siriri ya koma gajere mai ƙiba. A ce musu tun farko a bar baƙi a gefe biyu. Suna kuma cika hannu wajen goge yashin hoto har fuska ta zama sumul, tsage da furfura su ɓace, a rasa motsin fuskar da ɗan wasan ya ci abinci da shi. Wanda ya fi ciwo shi ne ɗora kiɗan fiyano a kan magana. Ɗan wasan barkwanci da bakinsa ya yi suna, to wa zai saurari fiyano? Yanka ma sukan yi shi da wuri, su datse kafin a kai inda abin dariyar yake, don ba su san wasan ba. Maganinsa a zaunar da wani abokin aikin mai bikin, ko babban ɗansa, ya nuna inda za a fara da inda za a tsaya.

Ba su da na'urar U-matic ko Betacam, irin kaset ɗin da gidajen talabijin suka yi aiki da su, kuma sukan faɗi gaskiya su ce ba su da ita. Irin wannan sai a nemi tashar da ta yi shirin, a haɗa da neman izinin haskawa a rubuce. Hoton faifan VCD kuwa ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ne kacal, a kan majigi dishi-dishi zai fito komai dabara, don haka in akwai kaset ɗin asali shi za a kai.

Wajen karɓar kaya, abin da suka saba bayarwa MP4 ne a filash, ya ishi taro amma bai isa ajiya ba. A biya ƙarin kuɗi a karɓi babban kwafin da ba a matse shi sosai ba, wanda awa ɗaya ke cin wajen gigabait 13, a yi shi biyu, ɗaya ga iyalin mai bikin ɗaya ga kwamiti. A ƙirga kaset a rubuce ranar kaiwa, a sake ƙirgawa ranar karɓa. Sannan a gwada bidiyon a kan majigi da lasifikar zauren da kansu ana gobe taro, domin sautin da ya yi daidai a shago yakan yi ƙasa ainun a babban ɗaki cike da jama'a.