Sharhina kan gudummawar da ake nema a wurin biyan kuɗi a kanti

Na daɗe ina cin karo da wannan tsari da manyan kantuna suka shigo da shi, na tambayar mai saye ko zai bar wani abu domin mabuƙata a daidai lokacin da yake biyan kuɗin kayansa. Na sha bayarwa, na kuma sha ƙin bayarwa. Na ji tambayar daga bakin mai karɓar kuɗi, na gan ta a allon na'urar kati, na kuma gan ta a shafin saye ta intanet. Abin da na tsayar a raina shi ne tsarin yana da amfani na gaske, kuma ban so a daina shi. Amma yadda ake yin tambayar ne ke sa wani lokaci in fita kanti zuciyata wasai, wani lokaci kuma in fita raina a jagule.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin bai da wuya. Bayan an lissafa kayanka, sai a ce ko za a cika kuɗin ya zama cif, wato idan lissafi ya kama 9.60 a mayar da shi 10, ɗan abin da ya hau a tura wa wata ƙungiyar agaji. Wani wurin kuma adadi biyu ko uku za su fito a allo ka zaɓi ɗaya. Tsohon salonsa shi ne akwatin nan da ake ajiyewa a gefen teburi a riƙa jefa canji. Da mutane suka koma biya da kati da waya, canji ya yi ƙaranci a aljihu, akwatin ya fara kwana ba komai, sai aka mayar da shi cikin na'ura. A Birtaniya wata ƙungiya mai suna Pennies ce ta ɗauki wannan aiki tun 2010, ta fara da kamfanin sayar da abinci na Domino's, daga nan wasu kantuna suka bi.

Zan fara da abin da ya burge ni, domin yana da yawa. Sauƙinsa ba a magana. Danna maɓalli ɗaya ne, shi ke nan. Ba wanda ya nemi lambar wayata, ba wanda ya biyo ni da saƙonni daga baya yana neman ƙari, ba takardar da na cike. Kuma abin da ake cirewa ƙanƙane ne ƙwarai, irin wanda ko ya faɗi a ƙasa mutum ba zai tsaya nema ba. Amma in an tara shi sai ya ba da mamaki. Wata cibiya a Amurka mai suna Engage for Good, wadda ke bibiyar irin wannan tarin, ta ƙidaya kamfe 77 da suka tara sama da dala miliyan 749 a shekarar 2022 kaɗai. Kantunan Walmart da Sam's Club sun fara tara wa asibitocin yara na Children's Miracle Network kuɗi tun 1987, abin da suka tara kuwa ya haura dala biliyan 1. Haka ma gidajen Ronald McDonald, da aka buɗe na farkonsu a Philadelphia a 1974 domin iyaye su sami masauki kusa da asibitin da ɗansu ke kwance, canjin da masu saye ke bari a gidajen abinci na McDonald's yana cikin abin da ke tafiyar da su. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro nesa da gida ya san darajar samun wurin da zai kwantar da haƙarƙarinsa da dare. Idan ɗan canjina yana shiga irin wannan aiki, wallahi ban yi asara ba.

Akwai wata magana da ta yaɗu sosai a intanet, wai kantuna suna karɓar kuɗin nan ne don su rage wa kansu haraji da sunanmu. A dokar Amurka, inda maganar ta fi tashe, ba haka abin yake ba. Kuɗin da mai saye ya bayar ba ya cikin kuɗin shigar kanti, amana ce kawai ta ratsa ta hannunsa, don haka ba shi da ikon neman rangwamen haraji a kansa. Mai sayen ne ke da wannan haƙƙi, in ya cika sharuɗɗa kuma ya adana rasidinsa. Na kawo wannan ne domin na ga mutane da dama suna janye hannu saboda zargin da ba shi da tushe, alhali akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya da suka fi cancantar a tsaya a kansu.

Babban ƙorafina shi ne tambaya da baki a gaban jama'a. Wata rana ina cikin layi, a gabana akwai wani dattijo da 'yan kayansa a kwando. Da aka faɗa masa jimilla sai ya yi shiru, ya sake duba abin da ke hannunsa, ya zaro abu ɗaya daga cikin kayan ya ce a mayar. Yarinyar da ke kan na'ura ta cire, ta sake lissafi. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, “Baba, za a ƙara wani abu don yara marasa lafiya?” Muryarta a ƙasa take, amma duk wanda ke kusa ya ji. Dattijon ya juyo ya dube mu, ya mayar da ido kan 'yan kuɗin da suka rage a tafin hannunsa, ya ce, “To, 'yata, saka.” Ya miƙa. Na ga yadda yatsunsa suka ɗan tsaya kafin su saki kuɗin. Mutumin da yanzu-yanzu ya mayar da abin da yake buƙata saboda kuɗi bai kai ba, shi ne aka sa ya zaɓa tsakanin aljihunsa da mutuncinsa. Allah kaɗai ya san niyyarsa, kuma ina fatan ya sami ladarsa cikakkiya. Amma ni da ke tsaye a bayansa na ji nauyin abin har cikin ƙirjina, domin idanunmu na cikin abin da ya karɓe kuɗin nan daga hannunsa.

Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan. Umarni aka ba ta ta tambayi kowa, kuma haka za ta yi ta maimaita kalmomin nan tun safe har a tashi, wani ya amsa da fara'a, wani ya yi banza da ita, wani ya sauke mata fushin da ya kwaso daga wani wuri. Ita ba ta zaɓi ƙungiyar ba, ba ta ga kuɗin da idonta ba, ba kuma da sunanta za a sanar da abin da aka tara ba. Duk wanda zai ce a'a, don Allah ya faɗa mata da sakin fuska.

Masana tattalin arziki ma sun auna wannan nauyi. James Andreoni da abokan aikinsa biyu sun yi gwaji a ƙofofin wani babban kanti a yankin Boston na Amurka tare da masu tara wa ƙungiyar agaji ta Salvation Army kuɗi, aka buga sakamakon a 2017. Wani lokaci masu tarin sukan tsaya kawai ba su ce wa kowa komai ba, wani lokaci sukan dubi mutum su roƙe shi da baki. Roƙo da baki ya ƙara yawan abin da aka samu sosai. Sai dai kuma ya sa mutane da yawa sun riƙa zagayawa ta wata ƙofar don kada a tambaye su. Wato dai tambayar tana kawo kuɗi, shi ya sa kantuna ba za su bar ta cikin sauƙi ba, amma wani ɓangare na kuɗin kunya ce ta fitar da shi. A ƙofar kanti mutum yana da wata hanyar da zai bi. A wurin biyan kuɗi kuwa ba inda zai zagaya, kayansa na kan teburi, mutane na bayansa suna jira.

Shi ya sa na fi son na'ura. Idan tambayar ta fito a ƙaramin allon da ni kaɗai nake gani, in na danna e ba wanda ya sani, in na danna a'a ba wanda ya sani. Kyauta a ɓoye ta fi kwanciyar rai ga mai bayarwa, kuma wanda ba shi da hali ranar nan ya wuce da mutuncinsa. Amma ko a nan ɗin sai an lura. Na ga allon da maɓallin bayarwa ƙato ne mai launi, na ƙin bayarwa kuma ɗan mitsitsi a can ƙasa, sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Na ga wanda in ka ce a'a sai ya sake tambayarka ko ka tabbata. A wani shafin saye ta intanet ma na tarar an riga an saka gudummawar cikin jimilla, sai in na lura ne zan cire. Wannan ba neman taimako ba ne, dabara ce ta cin gajiyar gaggawar mutane. Tarayyar Turai ta hana irin wannan akwatin da aka riga aka yi wa alama don ƙarin biya a dokarta ta kare masu saye ta 2011, kuma a ganina ko ba doka, ƙa'idar da ta dace ke nan a ko'ina.

Abu na biyu shi ne rashin bayani. Sau da yawa abin da allo ke nunawa bai wuce “taimaki yara” ko “yaƙi da yunwa” ba. Waɗanne yara? Wace ƙungiya ce za ta karɓa? Duka kuɗin ne zai isa gare ta ko za a cire wani abu a hanya? Yaushe za a miƙa? Na taɓa tambayar wani mai karɓar kuɗi sunan ƙungiyar, ya ce, “Yallaɓai, bari in kira manaja.” Manajan ya zo, shi ma sai da ya koma ya duba wata takarda da aka liƙa a bango. Ban zarge su da komai ba, amma wanda ke neman amanar mutane ya kamata amsar nan ta kasance a bakinsa. Rashin fayyace sharuɗɗa ya taɓa kai wani babban kamfani kotu. A 2022 an shigar da ƙara a New York kan kamfanin shagunan magani na CVS, wanda ya yi alƙawarin dala miliyan 10 ga ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka. Mai ƙarar ya ce da kuɗin masu saye ake cika alƙawarin kamfanin. Kamfanin ya musanta zargin, ya ce yarjejeniyar tun farko ita ce a tara daga masu saye, shi kuma ya cike giɓin da ya rage. Ko ma yaya mutum ya kalli wannan, da an rubuta sharaɗin ƙarara a gaban mai biya, da ba a kai ga jayayya ba.

Sai maganar suna. Ƙarshen shekara za ka ga hoton shugabannin kamfani riƙe da ƙaton ceki, an rubuta adadin da “muka bayar”. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan gardin bai taɓa kuɗin ba, yabon yake kwashewa. Ban ƙi a yaba wa kanti ba, domin shi ya samar da na'urar da ma'aikatan da hanyar isar da kuɗin, wannan kuwa aiki ne mai tsada. Amma a faɗi gaskiya cewa masu saye ne suka bayar. Abin da ya fi ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne in ga kanti ya ce duk abin da kuka bayar zai ɗora kwatankwacinsa daga aljihunsa. Irin wannan ban cika jinkirin danna masa e ba. Kamfanin Amazon ya taɓa gudanar da wani tsari mai suna AmazonSmile daga 2013, inda shi da kansa yake ba da kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin kayan da suka cancanta ga ƙungiyar da mai saye ya zaɓa, ba tare da an ƙara wa mai sayen ko sisi ba. Ya rufe shi a Fabrairun 2023. Kason ƙarami ne, amma ya nuna cewa kamfani na iya saka nasa hannun a aljihu, ba sai na mai saye kaɗai ba.

Wani abin da ya kamata mutum ya kula da shi a kansa shi ne kada ɗan canjin nan ya sa ya ji kamar ya sauke nauyi. Danna maɓalli ba ya maye gurbin taimakon da mutum ya zauna ya yi tunaninsa, ya san wanda zai ba, ya bibiyi halin da yake ciki. Ni na ɗauke shi a matsayin ƙari ne a kan wancan.

Yanzu ga yadda nake yi. In tambayar ta fito a allo, sunan ƙungiyar na rubuce, na kuma san aikinta ko zan iya bincika shi, nakan bayar, musamman in cikon canji ne. Ina duba rasidi kafin in bar wurin, domin gudummawar ya kamata ta fito a layinta daban, ba a cakuɗe da kuɗin kaya ba. In ba a faɗi inda kuɗin za shi ba, nakan ce, “A'a, na gode, ba yau ba,” ba tare da na kawo wani uzuri ba, kuma ban taɓa ganin mai karɓar kuɗin da ya ɓata rai a kan haka ba. Ga masu kantuna kuwa, roƙona shi ne su ɗauke tambayar daga bakin ma'aikatansu su mayar da ita kan allo, su daidaita girman maɓallan biyu, su yi tambayar sau ɗaya tak, sannan su liƙa sanarwa a inda kowa zai gani mai ɗauke da sunan ƙungiyar, adadin da aka tara, ranar da aka miƙa shi, da abin da kantin ya ɗora daga nasa aljihun.