Tof gasket ɗin Elring a Golf 3: abin da na gani bayan wata tara

Motata Golf 3 ce, injin 1.8 mai bawul 8, wanda aka buga wa lambar ABS a jikin bulok. Shekara 11 ke nan tana hannuna. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni Zariya gaida Hajiya duk ƙarshen wata. Da gangan na jinkirta wannan sharhi har sai da gasket ɗin da na saka mata da hannuna ya ga bazara guda cur, don tof gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin (tof silinda) da bulok don kada ruwa, mai da wuta su gauraya, ba a yabonsa a satin farko. Ko na banza ma yakan yi shiru na ɗan lokaci.

A watan Afrilun bara ne ta tafasa mini, mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora, rana tsaka. Akwai wani maƙogwaron roba da ke ɗaure a gefen tof silinda, inda tiyo-tiyon ruwa ke haɗuwa. Tsufa ya sa ya tsage, ruwa ya yi ta zurarewa ban sani ba, kafin in ankara allurar zafin injin ta kai ƙarshe. Na tsaya, na jira ta huce, na ɗura ruwan leda, muka lallaɓa. Ba a yi mako ba alamu suka bayyana. Da safe sai farin hayaƙi mai wani irin ƙanshi-ƙanshi ya riƙa fita ta salansa, injin yana rawa na minti guda kafin ya daidaita. In ka buɗe tulun ruwa injin na aiki, sai ka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin murfin baƙin mai kuwa wani abu ya taru kamar shayin da aka cika wa madara.

Na kai ta gareji aka canza. Yini guda aka gama, da gasket mai araha wanda ko suna babu a kwalinsa. Ina tsaye aka shafe shi da gam gaba da baya, aka mayar da tsofaffin bol, aka sa dogon bututu a sifana aka ja har sai da yaron ya ce ya ji ya kama. Ban zargi kowa da mugunta ba, haka aka saba yi, kuma ni ma na yi murna da sauƙin kuɗin. Wata huɗu ya yi. Cikin Agusta kumfa ta dawo, tiyon sama ya riƙa yin tauri kamar tayar keke minti biyu da tayar da mota. A nan na yanke shawarar in yi aikin da kaina a ƙofar gida, in bi shi daki-daki yadda littafin gyaran motar ya tsara.

A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na sayi saitin Elring, na kamfanin ElringKlinger na ƙasar Jamus, wanda ke ƙera wa masana'antun motoci gasket tun daga tushe. Kuɗinsa ya ninka na wancan kusan sau uku. Wani dattijo mai shago da na daɗe ina ciniki da shi ya ɗora mini su biyun a kan kanta, ya ce, "Ɗana, taɓa ka ji da hannunka. Araha ba ta ado." Bambancin kuwa ba a ɓoye yake ba. Zoben ƙarfen da ke kewaye da bakin kowane silinda a na Elring a naɗe yake sumul, kaurinsa ɗaya ko ta ina, ramukan ruwa da na mai an yanke su tsaf ba gashi-gashi a bakinsu. Na arahar kuwa zobensa kana iya ɗaga shi da farce. A cikin saitin akwai gasket ɗin murfin sama, da na manifol biyu, da sil ɗin bawul guda 8, da sil ɗin kamshaf. Bol ɗin tof guda 10 daban ake sayar da su, na haɗa da su. Na kuma sayi sabon maƙogwaron roba, da tamostat mai daidaita zafin ruwan injin, da tayimin bel, da sifanar awo wadda makanikai ke kira tok renc, da bakin soket mai haƙora 12, domin kan waɗannan bol ɗin ba ya karɓar irin makullin da muka saba da shi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fara, ni da ɗan yayana da ke karatu a kwalejin fasaha. Injin a sanyaye, mun cire kan batir, mun zubar da ruwa da mai. Kafin mu taɓa bel, mun juya injin har fistin na ɗaya ya hau can sama, alamar kamshaf ta zo daidai, sannan na ɗiga farin fenti a kan kowace fuli har da ta shaf ɗin tsakiya, wanda shi ke juya distiributa. In wannan ya goce ko da haƙori ɗaya, wutar fulogi ta ɓace maka. Kowace waya da kowane tiyo mun manna masa takarda da lamba, mun ɗauke shi hoto a waya.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne notocin salansa. A wannan injin manifol na iska da na hayaƙi duk a baya suke, ta ɓangaren da hannu ba ya shiga sosai, ga tsatsar shekaru ta cinye su. Sai da muka jiƙa su da mai muka ba su awa biyu. Bol ɗin tof mun kwance su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, muka ɗaga tof ɗin mu biyu da manifol a jikinsa.

Da na ga abin da ke ƙasa raina ya ɓaci. Gam ya toshe rabin wasu ramukan ruwa. Tsakanin silinda na 2 da na 3 zoben ya ƙone, baƙin layi ya miƙe daga ɗakin wuta har ramin ruwa. Kan fistin na 3 kuwa fes yake kamar an wanke shi da sabulu, sauran ukun baƙi ƙirin, alamar tururi ne ya daɗe yana wanke shi. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar tof ɗin, na zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita milimita 0.1 ce. A nawa tof ɗin, ma'aunin 0.15 ya shige a tsakiya ba tare da na tura ba. Tof ɗin alminiyom ne, bulok kuma baƙin ƙarfe, ba sa miƙewa daidai da juna in zafi ya yi yawa, shi ya sa tafasa guda take iya gantsare shi. Ashe tun ranar Kwanar Ɗangora yake a haka, aka ɗora shi ba a auna ba. Ko na Elring aka saka masa a wancan karon, da wuya ya kai labari, kuma duk mai karanta wannan sharhi ya riƙe wannan kafin ya ɗauka tsadar gasket kaɗai za ta fisshe shi.

Wannan ɓangaren ba na gida ba ne. Ranar Litinin na ɗora tof ɗin a Adaidaita na kai wa masu injin goge fuska. Mai wurin ya auna tsayinsa tukuna, domin ba a so ya gaza milimita 132.6 bayan an ɗebe, ya kuma gwada shi da matsin ruwa ko akwai tsaga. Babu. Ya ce, "Malam, ka yi sa'a, kaɗan zan ɗauka." Ya saka mini sabbin sil ɗin bawul ɗin da ke cikin saitin, suka zauna daram.

Kwana biyun da injin ya yi a buɗe, damina ce, na lulluɓe shi da tsumma mai tsabta da leda da tamfol. Goge fuskar bulok ya ci mini yamma guda. Da reza na bi shi a kwance, sannu a hankali, na cusa tsummoki a cikin silinda don kada datti ya faɗa. Sai ramukan bol guda 10, waɗanda mutane da yawa ke tsallakewa. Uku daga ciki na tarar da ruwa da mai kwance a ƙasansu. In ka ɗaure bol a kan wannan ruwan, awonka zai yi ƙarya, wani lokaci ma bulok ɗin ya tsage. Da sirinji na zuƙe su, na bi da tsinke naɗe da tsumma har suka bushe.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce ta tsofaffin bol biyu. Na yanke kawunansu da zarto, na tsaga saman kowanne yadda sukundireba zai kama, na ɗaura su a ramuka biyu na ƙarshe su zama jagora. Gasket ya sauka a kansu, gefen da ke da rubutu yana kallon sama, kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa ba sai na ja ko na gyara ba. Ɗan yayana ya miƙo gwangwanin gam, ya ce, "Baffa, ko ɗan kaɗan ba za a shafa ba?" Na ce masa a'a, a bushe aka yi shi ya zauna, rufin da ke jikinsa shi ne gam ɗinsa.

Ɗaurin zagaye huɗu ne, kowanne daga tsakiya zuwa waje ana tsallakawa hagu da dama. Na farko a kan 40 na ma'aunin Nm, na biyu a kan 60, sannan kwata na juyi, sai a sake zagayowa da wani kwatan. Na ɗiga fenti a kan kowane bol don in ga juyinsa da idona. A kwatan ƙarshe za ka ji bol ɗin yana ba da kai a hannunka, kamar zai tsinke. Haka aka ƙera shi, miƙewar ce ke danne gasket ko injin ya yi zafi ko ya huce, kuma dalilin da ya sa ba a maimaita tsoho ke nan. Sifanar awon da na saya dai ba ta gamsar da ni ba. Ƙarar da take yi in ta kai awo ba ta fita sosai, lambobin jikinta kuma sai da fitilar waya nake karanta su. Da zan sake, aron mai kyau zan nema.

Na mayar da tamostat, duk da maƙwabta biyu sun ce a ƙasar zafi cire shi ake yi. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, yana kuma cin kansa. Na gyara wayar fanka ta koma kan suwic ɗinta, na zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin, gauraye da ruwa mai tsabta kusan lita 6 maimakon ruwan burtsatse da ke barin farin ƙasa a lagireto. Baƙin mai kusan lita 4 da sabuwar filta, bayan mako biyu na sake juye shi saboda ragowar ruwan da ya shiga. Kafin in murza makulli na juya injin da hannu zagaye biyu, alamomin fenti suka dawo inda suke. Bugu na biyu ta tashi. Hayaƙi ya yi ta fita na minti goma, ragowar ruwan cikin salansa ne, daga nan ya ɗauke.

Yau wata tara. Ta yi Zariya sau tara, ta yi Katsina sau ɗaya da mutum biyar da kaya cikin zafin Afrilu, ta sha cunkoson Kurna da azahar. Allura tana hawa 90 ta tsaya, fanka ta kama ta saki. Ruwan tulu yana kan layin da na bar shi, murfin mai baƙi ne kamar yadda ya kamata, gefen bulok a bushe, ko naso babu a gasket ɗin murfin sama, wanda a da kullum sai na goge. Zan sake sayen wannan saitin ba tare da shawara ba, kuma na ba da shi ga duk mai Golf 3 da zai auna tof ɗinsa ya sayi sabbin bol. Wanda ba shi da kwana uku zuwa huɗu da zai ajiye mota, ko ba shi da mai taya shi ɗaga tof, ya sayi kayan da kansa ya kai gareji, ya tsaya a kai har a gama zagaye na huɗu.