Kwafin kyauta na intanet ko faifan da aka gyara?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara tara finafinan soyayya masu ban dariya na zamanin da fim ba ya magana, kana tambaya ko kwafin YouTube ya ishe ka, ko sai ka sayi faifai.

Na kyauta yana da ranarsa. A Amurka haƙƙin mallakar duk fim ɗin da ya fito kafin 1930 ya ƙare, don haka in ka sauke Girl Shy na Harold Lloyd na 1924, ko Seven Chances na Buster Keaton na 1925, ba sata ka yi ba. Matsalar ita ce yawancinsu kwafin kwafi ne. Hoto dishi-dishi, fuska ta wanke fari fat, kiɗan da aka liƙa bai san abin da ake yi ba. Wasu kuma an ɗauke su ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, aka haska su da saurin fim mai magana, sai ka ga mutane suna tafiya kamar ana korarsu.

Wannan asarar ta fi yi wa fim ɗin soyayya illa, don komai nasa a fuska yake. A Girl Shy, Lloyd yaron tela ne mai in'ina, yana ganin mace baki ya sarƙe. Ba ka jin murya, a leɓensa da maƙogwaronsa kake ganin kalmar ta ƙi fita. In hoton ya dushe, wallahi rabin dariyar da duk tausayin sun tafi.

Faifan masu gyara tsofaffin finafinai irin su Kino Lorber, Criterion ko BFI ana haɗa shi ne daga mafi kyawun kwafin da ya rage, a daidaita gudu, a mayar da rinin asali, shuɗi na dare, a yi masa kiɗansa. Seven Chances ma farkonsa da launi aka ɗauke shi, da fasahar Technicolor. Kuma abin da ya rage kaɗan ne: binciken Library of Congress, ɗakin karatun majalisar Amurka, na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na wancan zamani sun ɓace ɗungurungum, don zaren fim ɗin lokacin, na sinadarin nitiret, ruɓewa yake, ga kama wuta, kamar gobarar rumbun kamfanin Fox ta 1937.

Shawarata, ka ɗanɗana a kyauta, wanda ya shiga ranka ka sayi faifansa. Sai dai ka duba yankin da aka yi wa faifan kafin ka biya, don ba kowace na'ura ke kunna shi ba: Blu-ray na Amurka A ne, Afirka da Turai B, don haka bugun Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka yi wa yankinmu.