Tiyatar Rage Fatar Ido a Wani Asibitin Kuɗi na Abuja: Hannun Likita Ya Yi, Kulawar Bayan Aiki da Saura

Ni maɗinkiya ce a Kaduna, na haura shekara 55, kuma sana'ata ido take ci. A 'yan shekarun nan fatar saman idona ta saki, ta sauko har tana kwanciya a kan gashin ido. Da la'asar sai in ji goshina ya gaji, ashe wuni nake ina ɗage gira don in ga bakin allura. Kowa kuma sai ya tambaye ni ko ban yi barci ba. Ba zan ɓoye ba, har da son gyara a cikin abin da ya kai ni, domin duk hoton biki sai in fito kamar mai fushi da amarya. A bara aka rage mini fatar a wani asibitin ido na kuɗi a Abuja, kuma tun daga lokacin mata ke tambayata ko su je. Ga abin da na gani.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne tun kafin a taɓa wuƙa. Likitan bai yi gaggawar sa mini rana ba. Ya auna ganina, ya sa na leƙa cikin wata na'ura ina danna maɓalli duk sanda ɗigon haske ya bayyana, sannan ya ɗage fatar da filasta aka sake gwajin, don a ga yawan abin da take tare mini ta sama. Daga nan ya danne girata da babban yatsa ya ce, "Hajiya, buɗe ido." Ya yi mini bayanin cewa abu uku ne ke kama da juna a madubi. Wata macen, fata ce ta yi mata yawa. Wata kuma 'yar tsokar da ke ɗaga murfin ido ce ta yi rauni, murfin kansa ya sauko ya rufe wani sashe na ƙwayar. Wata girarta ce ta faɗo ta turo fatar ƙasa. Kowanne aikinsa daban, kuma in aka yanke fata alhali tsoka ce matsalar, za a biya kuɗi a tashi ido na nan a lumshe. Nawa na farkon ne. Duk wadda ta je wurin da aka kalle ta daga nesa aka yanka mata farashi, ta ɗauki jakarta ta fita.

Tambayoyinsa ma sun yi yawa, kuma na ga amfaninsu. Hawan jini, ciwon suga, hawan jinin ido, ciwon maƙoƙo mai turo ido waje, bushewar ido, ko ciwona na yin tabo mai tudu. Ya tambayi magungunan da nake sha, ya ce asfirin da ibuprofen da duk wani mai tsinka jini suna ƙara zubar jini, amma kada in dakatar da wanda likita ya ɗora ni a kai sai da izinin shi wancan likitan. Har jiƙe-jiƙen gargajiya da haɗin tafarnuwa sai da ya tambaya. Da ya zo kan man shafawa na ƙarin haske sai ya sassauta murya, alamar ya saba a ɓoye masa. Ni ba na shafawa, amma ya ce irin mai sinadarin da ke sirantar da fata yana jinkirta warkewar ɗinki. 'Yan uwana mata, wannan ba wurin jin kunya ba ne.

Ya kuma faɗa mini abin da aikin ba ya yi. Ba ya goge baƙin da ke ƙarƙashin ido, ba ya kawar da tamojin gefen ido, kuma idanun biyu ba za su fito daidai wa daida ba, don dama can ba haka suke ba. Na roƙe shi ya ɗan ƙara ɗiba tunda an riga an zo, ya ƙi. Ya ce in fata ta rage ana iya komawa a ƙara cirewa, in kuwa aka wuce gona da iri ido zai daina rufuwa sosai a barci, ya bushe, ya yi ta raɗaɗi, gyaransa kuma wahala ne. A matsayina na mai yanka yadi, wannan magana ta shige ni nan take.

Kafin in amsa sai da maigida ya kai maganar wurin malaminsu, saboda batun canza halitta. Amsar da ya kawo ita ce akwai bambanci tsakanin kawar da abin da ke cutarwa da neman ƙarin kyau kawai. Tunda gwaji ya nuna fatar na tare mini gani, hankalina ya kwanta. Wadda nata kwalliya ce zalla, ta tambayi nata malamin, ba ni ce mai fatawa ba.

Ranar aikin ba a sa ni barci ba. Ina zaune ya zana layi da alƙalami a kan lanƙwasar fatar, wurin da tabo zai ɓuya in an buɗe ido, ya auna ya sake aunawa. Allurar kashe zafin ce kawai ta yi ciwo. Bayan ita sai jan fata da nake ji, da ɗan ƙaurin na'urar da ke tsayar da jini, wanda da an gaya mini tun farko da ban tsorata ba. Cikin kamar awa ɗaya aka gama duka biyun, 'yata ta kama hannuna muka fita, don man da aka sa a idon yana sa gani ya yi dishi-dishi.

Daga nan ne asibitin ya gaza. Takarda ɗaya aka miƙo mana da Turanci, nas ɗin tana sauri kamar ana korarta. Washegari na tashi idanu sun kumbura sun yi baƙi, 'yata ta ce, "Umma, anya haka ake yi?" Muka kira lambar da ke jikin takardar, ta yi ta ringin ba mai ɗauka, sai can da rana aka amsa. Kumburin ba komai ba ne, kowa na yi, yana sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma wannan aiki yana da haɗari guda da ba ya jira: jini na iya taruwa a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani. Ba kasafai yake faruwa ba, sai dai in ya zo, da ciwo mai tsanani da ido ya turo da gani na raguwa, magana ce ta gaggawa, sai a koma asibiti nan take. Asibitin da ke karɓar kuɗi masu nauyi haka, alhali inshorar lafiya ba ta biyan aikin kwalliya, bai kamata wayarsa ta kwana ba mai ɗauka ba.

Sauran abubuwan ma sai da na tambaya da bakina. Sallah fa? Sai a lokacin aka ce in yi a zaune ina nuni na 'yan kwanaki, don sunkuyar da kai na ƙara kumburi. Ban da ɗaga kaya masu nauyi, ban da murza ido, a kwana da matashi biyu. Kwalli da gazal a ajiye su sai ɗinki ya warke. An ce in riƙa ɗora tsumma mai sanyi, wanda a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama yana nufin a tanadi ƙanƙara a cikin kula tun kafin a dawo gida. Kuma ni da zan ba da shawarar lokaci, a kauce wa hunturu, don ƙura da busasshiyar iska ba sa yi wa sabon ɗinki da busasshen ido daɗi.

An cire zaren bayan kamar mako guda. Tabon ya yi duhu da ɗan tauri na wasu watanni, abin da ya ce yakan faru ga masu baƙar fata, yanzu kuwa sai na rufe ido a gaban madubi nake ganinsa. Bushewar ido ta ɗan dame ni da farko, maganin ɗigawa ya wadatar. Goshina ya huta, ina zura zare ba tare da ɗage kai ba, fuskata kuma tawa ce, ba wanda ya kasa gane ni.

Zan tura 'yar uwata wurin likitan, amma da sharaɗi. Ta fara zuwa asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, a tabbatar da lafiyar idon kansa. Ta bincika ko mai aikin yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma likitan ido ne ko na gyaran jiki da ya saba da fatar ido, ba mai shagon kwalliya da ya sayi farar riga ba. Ta nemi ganin hotunan masu irin fatarmu bayan wata shida, ba na Turawa da ke Instagram ba. Sannan kada ta biya ko sisi sai an ba ta lambar wanda zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare, ta kuma kwana a garin daren farko maimakon kama hanyar Kaduna.