Ƙungiyar ƙasar Jamus ko kulob ɗin Bundesliga, wanne ya kamata mutum ya bi daga nan gida?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, ban samu zama ba ne sai yanzu. Ka ce kai ɗan Firimiya ne tun tasowarka amma Musiala da Wirtz sun sa ƙwallon Jamus ya fara shiga ranka, kana so ka sani ko ƙungiyar ƙasar tasu za ka bi ko kuwa ka zaɓi kulob ɗaya a Bundesliga ka riƙe. To ni duka biyun na yi, Jamus nake bi tun kofin duniya na 2010 da suka ci Ingila 4-1 suka kuma yi wa Ajantina 4-0, Dortmund kuma tun zamanin koci Klopp, kuma wallahi ba abu ɗaya ba ne ko kusa.

Ƙungiyar ƙasa dai ba kullum take nan ba. In ba shekarar gasa ba ce wasa wajen goma kawai za ka gani, a hutun FIFA, watan Maris, Yuni, sai daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma da yawansu na sada zumunci ne ko neman gurbi da ƙananan ƙasashe wanda mai gidan kallo ba zai tayar maka da janareta a kansu ba. Amma lokacinsu yana da daɗi a wajenmu, ƙarfe 8:45 na dare agogonsu, wato 8:45 namu in lokacin sanyi ne, 7:45 in sun tura agogo gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ka taso daga kasuwa ka ci abinci ka zauna. In kuma babbar gasa ta zo ba ka da matsala sam, kowane gidan kallo yana nunawa, kowa yana maganar, har wanda bai san ofsaid ba.

Kuma daɗin da take bayarwa in ta tashi bayarwa babu kulob ɗin da zai ba ka irinsa, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Ranar 8 ga Yuli 2014 cikin azumi ne, mun idar da asham muka ruga gidan kallo, ƙarfe 9 aka take wasan Jamus da Barazil na kusa da ƙarshe a kofin duniya, ɗakin cike da 'yan Barazil, mu 'yan Jamus ba mu fi mu shida ba a bencin baya kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa. Müller ya ci a minti na 11, Klose ya ƙara a 23 ya zama yana da ƙwallo 16 a kofin duniya ya wuce Ronaldo na Barazil, kafin mu gama ihun wannan Kroos ya zuba biyu a jere, Khedira ya sa na biyar a minti na 29. Wani dattijo da ya fita sayen ruwan leda ana 1-0 ya dawo ya ga 5-0 a saman talabijin, ya tsaya a bakin ƙofa da ledar a hannu yana tambaya wai maimaici ake nunawa? Aka tashi 7-1, bayan kwana biyar Götze ya ci Ajantina a minti na 113 suka ɗauki kofi na huɗu, bayan na 1954 da 1974 da 1990. Har yau in na tuna daren nan sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai dai abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. 2018 Meziko ta ci su, Koriya ta Kudu ta ci su 2-0, suka fita a rukuni suna riƙe da kofi. Muka haƙura shekara huɗu cur, aka je Qatar 2022 Japan ta ci su 2-1 a wasan farko, suka sake fita a rukuni duk da sun ci Costa Rica 4-2. Ka ga a ƙungiyar ƙasa in abu ya ɓaci babu sati mai zuwa, haka za ka zauna a majalisa ana yi maka tsiya ba ka da wasan da za ka rama da shi sai bayan shekara biyu ko huɗu. Koci Flick ma da aka kawo bayan Löw ya yi shekara 15, Japan ɗin ce ta sake ci 4-1 a Wolfsburg a Satumban 2023 aka sallame shi aka kawo Nagelsmann. Gasar Turai ta 2024 a gidansu ta ɗan dawo mana da rai, sun buɗe da 5-1 a kan Scotland, amma a kwata fainal da Sifaniya, Wirtz ya farke a minti na 89, ƙwallon Musiala ya bugi hannun Cucurella alƙalin wasa ya ce a ci gaba, Merino ya sa kai a minti na 119, shi ke nan, kuma wasan ƙarshe na Kroos ke nan a rayuwa.

Kulob kuwa kullum yana tare da kai. Ƙungiya 18 ce a Bundesliga, wasa 34 kowa, ga kofin ƙalubale na ƙasar wato DFB-Pokal ga gasar zakarun Turai, in aka ci ku yau Asabar mai zuwa akwai wani. Matsalarsa ɗaya a nan gida kuma babba ce: yawancin wasanninsu Asabar ne ƙarfe 3:30 agogonsu, daidai lokacin da Firimiya ke shirin farawa, ga la'asar a tsakiya. Mai gidan kallo kuma kasuwa yake yi, mutum hamsin sun biya don Arsenal ko Man United ko Chelsea, ku uku kun zo don Dortmund, in ya yi muku kirki ya saka muku a ƙaramar talabijin ɗin lungu ba murya, kuna kallon naku kuna jin ihun na wasu. Sau da yawa ma sai dai waya da data, ko ka jira dare ka kalli taƙaitaccen wasan a shafin Bundesliga na YouTube. Wasan daren Juma'a da babban wasan yammacin Asabar na 6:30 agogonsu sun fi sauƙin samu. Sannan suna tafiya hutun sanyi daga wajen Kirsimeti zuwa cikin Janairu, lokacin da 'yan Firimiya ke kallon wasa kusan duk bayan kwana uku kai kana zaune.

Kar ka ɗauka kulob ba ya karya zuciya fa. 27 ga Mayu 2023, wasan ƙarshe na kakar Bundesliga, Dortmund na gaban Bayern da maki 2, su ci Mainz a gida kawai su ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 2012. Ranar babu Firimiya sai washegari, shi ne mai gidan kallonmu ya saka mana a babbar talabijin har da murya, ƙarfe 2:30 na rana, kwanon rufin ya ɗau zafi kamar tanda. Mainz suka ci, Haller ya ɓarar da fenariti, Onisiwo ya ƙara na biyu. Muka koma bin wasan Bayern a waya, Köln suka farke a minti na 81, na kusan minti takwas kofin yana hannunmu duk da ana cinmu, wani yaro kusa da ni ya riƙe min hannun riga yana ta salati, sai Musiala ya ci a minti na 89. Mun tashi 2-2, maki 71-71, Bayern ta ɗauka da bambancin ƙwallaye. Ban iya cin abinci ba daren nan. Amma ka ga watan Agusta na zuwa aka dawo fili, shekara na zagayowa kuma Dortmund ɗin nan ta je fainal ɗin zakarun Turai a Wembley.

Abin da ya fi damuna da bin ƙasar wasu, wanda kuma ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, shi ne ranar da za ta haɗu da naka. 30 ga Yuni 2014 ba zan manta ba, farkon azumi, Faransa ta fitar da Super Eagles 2-0 aka tashi dab da shan ruwa, da daddare kuma Jamus ta haɗu da Aljeriya, ita kaɗai ta rage wa Afirka. Duk ɗakin Aljeriya ake yi, 'yan uwanmu ne ta nahiya ta addini, kuma sun yi wasa wallahi, sai da Neuer ya dinga fitowa daga raga kamar mai tsaron baya, har aka je ƙarin lokaci Schürrle da Özil suka ci aka tashi 2-1. Ƙungiyata ce ta yi nasara amma ban iya yin ihu ba, na dai tashi na tafi gida shiru. 'Yan Ghana sun fi mu sanin wannan, sau biyu suna haɗuwa da Jamus, 2010 da 2014, Jérôme Boateng a ɓangare ɗaya wansa Kevin-Prince a ɗaya ɓangaren, uba ɗaya. A wasannin Olamfik na Rio 2016 da Jamus ta haɗu da Najeriya a wasan kusa da ƙarshe ban ma tsaya shawara da zuciyata ba, Najeriya na yi, aka ci mu 2-0 na ji haushin Jamus sosai, sai da Sadiq Umar da Aminu Umar suka ci Honduras muka samu tagulla na huce. Ga kuma maganar Özil a 2018, bayan hotonsa da shugaban Turkiyya Erdogan da fitarsu a rukuni ya ajiye rigar ƙasar yana cewa in an ci nasara shi Bajamushe ne in an faɗi kuma baƙo ne, mutane da yawa da na sani daga ranar suka bar Jamus, ni ban bari ba amma abin ya taɓa ni ƙwarai.

A kulob babu wannan rabuwar zuciyar, hasali ma naka za ka tarar a ciki. Okocha a Frankfurt ya yi suna, ka nemi ƙwallon da ya ci Oliver Kahn a 1993 lokacin Kahn yana Karlsruhe, ya yi ta yanka yana komowa kafin ya buga. Oliseh ya ɗauki Bundesliga da Dortmund a 2002. Kakar 2023/24 Leverkusen ta Xabi Alonso ta gama lig ba a ci ta ko sau ɗaya ba, maki 90, Boniface ya ci 14 ga Nathan Tella, kuma wasa ɗaya tak da suka faɗi a kakar gaba ɗaya ɗan Najeriya ne ya yi musu shi, Lookman ya ci wa Atalanta uku rigis a fainal ɗin Europa. Har a rigar Jamus ɗin ma akwai jininmu, Musiala da Adeyemi da Felix Nmecha duk iyayensu maza 'yan asalin Najeriya ne.

Ta ɓangaren labarai kuma nan ne na ga ɗayan ya dogara da ɗayan. Labarin ƙungiyar ƙasa kana iya samunsa da Hausa, DW Hausa da BBC Hausa suna kawowa in akwai wasa ko an canja koci. Na kulob sai ka ɗan wahala, ni shafin mujallar wasanni ta Jamus kicker nake buɗewa in sa waya ta fassara min, sun fi natsuwa, jaridar Bild kuma sun fi saurin kawo maganar saye da sayarwa amma ina jira sai kulob ya tabbatar. Sai dai wanda ba ya kallon lig, in aka fitar da sunayen 'yan wasan ƙasa rabinsu baƙi ne a wajensa. Da aka kira Füllkrug zuwa Qatar yana ɗan shekara 29 bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar ƙasar ba, mutane suna ta tambaya waye wannan, mu da muke ganin abin da yake yi a Werder Bremen ba mu yi mamaki ba da ya shigo daga benci ya farke wa Sifaniya. Haka 2024 da Nagelsmann ya kwaso su Undav da Mittelstädt da Führich da Anton, ai Stuttgart ce ta zo ta biyu a kakar, gaban Bayern.

Don haka ni shawarata ƙanina ka kama kulob tukuna, Jamus kuma ka ajiye ta a matsayin ƙasa ta biyu bayan taka, za ta yi maka rana irin 2022 da Ghana ta hana mu zuwa Qatar. Wane kulob kuma? In kana son kwanciyar hankali Bayern, sau 11 a jere suka ɗauka daga 2013 zuwa 2023, ga Musiala ga Kane, ba laifi ba ne. Ni dai abin da ya ja ni Dortmund 'yan kallo ne, filin yana cin mutum sama da 81,000 kuma bayan raga ɗaya mutum kusan 25,000 ne a tsaye cikin ruwan ɗorawa suna waƙa tun kafin a fara har a tashi, ko ana cinsu. Dokar ƙwallon Jamus ta 50+1 ce ta sa haka, mambobin kulob su ke da rinjayen ƙuri'a, attajiri ba zai zo ya saye ya yi yadda ya ga dama ba, in ban da irin su Leverkusen da Wolfsburg da suka taso daga kamfanin Bayer da Volkswagen. Ka samu mai gidan kallon unguwarku tun ranar Alhamis ka tambaye shi ko dikodarsa na kamo Bundesliga, in ka samu mutum huɗu ko biyar da za su biya tare da kai zai ba ku talabijin ɗaya, ka fara da wasan 6:30 na Asabar, in Dortmund ce a gida ka roƙe shi ya ƙara murya minti goma kafin a take.